Daga Ɓawon Itace Zuwa Lauje a Cikin Jini: Tarihin Gano Ƙwayar Halitta



Ya 'yan'uwa, kalmar da Larabawa ke kiran ƙwayar halitta da ita a yau ita ce khaliyya. In ɗalibi ya buɗe Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, zai tarar da kalmar tana nufin amyar zuma, tana nufin taguwar da aka kwance mata dabaibayi, tana nufin babban jirgin ruwa. Amma ba zai ga ma'anar da ake koya wa yaranmu a makarantar boko ba, wato ƙaramin ɗakin nan da aka gina jikin mutum da dabba da tsiro da shi. Ba sakacin mai ƙamus ba ne. A zamaninsa babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin abin, balle ya raɗa masa suna.

Likitocin dauri da abin da ido ke gani suke aiki. Jalinus na Yunan, da Ibn Sina da ya biyo shi a littafinsa Alƙanun, sun gina likitanci a kan ruwaye huɗu na jiki: jini, da majina, da safra'u, da sauda'u. In sun daidaita mutum na lafiya, in ɗaya ya rinjaya ciwo ya zo. Sun yi ƙoƙari matuƙa. Ibn Nafis, da ya rasu a Alƙahira a 1288, har ya gano cewa jini yana ratsa huhu kafin ya koma ɗaya ɓangaren zuciya. Sai dai a wurinsu duka jini jan ruwa ne kawai, ba su san cike yake da ƙwayoyi ba. Mun faɗi wannan ne saboda akwai masu wa'azin da ke jin daɗin cewa duk abin da Turawa suka gano a littattafanmu suka ɗauka. A wannan babin ba haka ba ne, kuma darajar magabata ba ta buƙatar a yi mata ƙari.

Inda hannun namu yake da gaske shi ne ilimin haske. Alhasan Ibn Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta Kitabul Manazir. A ciki ya kafa hujja cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ba ido ke harba haske ba kamar yadda da yawa suka ɗauka, ya kuma yi bayanin yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa ko gilashi. An fassara littafin zuwa Latin wajen 1200, masanan Turai suka daɗe suna karatunsa. A ƙarshen ƙarni na 13 tabarau ya bayyana a Italiya, daga nan sana'ar goge gilashi ta bunƙasa, har aka kai ga madubin ƙara girma wajen 1600.

A 1665 wani Bature a Landan, Robert Hooke, ya yanko siririn ɓawon wani itace da ake toshe bakin kwalba da shi, ya sa a ƙarƙashin madubi. Sai ya ga ramuka a jere, kowanne da bangonsa, kamar saƙar zuma. Ya kira su da kalmar da ke nufin ƙananan ɗakuna, kuma wannan kamannin na saƙar zuma shi ya sa khaliyya ta dace da su a Larabci. Ya yi lissafi ya ce a ɗan guntun da bai wuce inci ɗaya ta kowace fuska ba akwai sama da biliyan ɗaya. To amma abin da ya gani kango ne. Ɓawon matacce ne, masu ɗakunan sun daɗe da bushewa, bango kawai ya rage.

Wanda ya fara ganin masu rai da yawa ba malamin jami'a ba ne. Ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antoni van Leeuwenhoek (sunan da wuyar faɗi, kar ɗalibi ya damu). Bai iya Latin ba, harshen ilimin Turai na lokacin. Masu yadi kan duba zaren tufa da gilashi don su san ingancinsa, shi kuwa ya wuce nan, ya koyi yin ɗan mitsitsin gilashi mai ƙara girman abu sau ɗari biyu da wani abu. A 1674 ya ɗiga jini ya ga jajayen ƙwayoyi. Ya duba ruwan tafki ya ga halittu suna iyo. A 1677 ya duba maniyyi ya ga 'yan abubuwa masu wutsiya suna motsi. Daga baya har dattin haƙorinsa ya kankaro ya duba. Kusan shekara 50 yana aika wasiƙu zuwa ƙungiyar masana ta Landan da harshensa na gida, su kuma suna fassarawa. Da farko sun yi shakka, sai da suka gwada da kansu.

Ganin maniyyin nan ya tayar da wata tsohuwar gardama: yaya ɗa ke samuwa a ciki? Aristo yana ganin sura daga namiji take, mace jini kawai take bayarwa a gina. Jalinus ya ce a'a, kowannensu da nasa ruwan. Malaman Musulunci da dama sun karkata ga cewa uba da uwa duk suna da rabo, suna kafa hujja da hadisan da suka yi magana a kan kamannin ɗa da iyayensa. Su kuwa masu madubi na farko sai suka tafi wata hanya mai ban dariya. Wasu suka ce ai cikakken mutum ne ɗan ƙanƙane a naɗe cikin kan maniyyi, mahaifa gona ce kawai. A 1694 wani mai suna Hartsoeker har ya zana yadda yake zaton ɗan mutumin yake zaune, ya haɗa kai da gwiwa. Wasu suka ce a'a, a ƙwan mace yake. Ka ga dai mallakar madubi ba ta hana mutum ganin abin da zuciyarsa ke so.

An daɗe kafin a warware. A 1759 Caspar Wolff ya bi ƙwan kaza kwana bayan kwana, ya ga gaɓoɓi suna samuwa ɗaya bayan ɗaya daga abin da ba shi da sura. A 1827 Karl von Baer ya ga ƙwan mace a jikin karya. Sai a 1876 Oscar Hertwig ya ga abin da idonsa a ƙwan wata halittar teku: cibiyar maniyyi da cibiyar ƙwai suna haɗewa su zama ɗaya. A yau an san kowane ɓangare yana kawo ƙunshin gado 23, su haɗu su zama 46. Rabi daga uba, rabi daga uwa. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Tsakanin nan kuma gilashi ya gyaru. Robert Brown ya bayyana cibiyar ƙwaya a 1831, wadda Larabawa ke kira nawat, wato ƙwallon dabino. A 1838 Schleiden ya ce duk tsiro da ƙwayoyi aka gina shi, a 1839 abokinsa Schwann ya ce dabbobi ma haka. Bambancin shi ne ƙwayar tsiro tana da bango mai tauri, shi Hooke ya gani, kuma ta ganye tana ɗauke da koren sinadarin da ke haɗa abinci da hasken rana. Ta dabba fata mai laushi ce kawai ta kewaye ta. Sauran tambaya ita ce daga ina sababbi ke fitowa. Robert Remak ya nuna cewa tsohuwa ce ke rabewa biyu. Amma shi Bayahude ne a Jamus ta wancan zamani, ba a ba shi kujerar da ta dace da shi ba, sai Rudolf Virchow ya yaɗa maganar a 1855, sunansa ya tafi da ita. Mu da aka koya wa jingina magana ga mai ita, wannan ba ƙaramin aibi ba ne a wurinmu. Duk da haka Virchow ya kawo abu mai nauyi: ya ce in jiki ya yi ciwo, a nemi ciwon a cikin ƙwaya. Nan aka yi sallama da ruwaye huɗu na Jalinus.

To, a nan ne tarihin ya shigo gidajenmu.

Jar ƙwayar jini a ɓargo ake yin ta. Kafin ta fito sai ta yar da cibiyarta, ta cika cikinta da wani sinadari mai suna hemogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ko'ina. Siffarta kamar waina ce da aka danna tsakiyarta, ga ta da laushi, tana lanƙwashewa ta wuce ta jijiyar da ta fi ta ƙunci. Tana yin kwana 120 tana wannan aiki. A ɗigon da bai fi kan allura ba akwai miliyoyi.

A 1910 wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, ya wallafa labarin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girinada mai fama da ƙarancin jini da ciwon gaɓoɓi. Ƙaramin likitan da ke ƙarƙashinsa, Ernest Irons, shi ya duba jinin ya ga ƙwayoyin sun miƙe sun tanƙware kamar lauje. Daga kalmar lauje ta Turanci aka samo sunan da muke cewa sikila. Littattafan Turai daga nan suke fara lissafi, amma mutanen Afirka ta Yamma sun san ciwon tun kafin a haifi Herrick. Mu muna cewa amosanin jini, Asante na cewa ahotutuo, Ga na cewa chwechweechwe, kamar ƙarar abin da ke gurgurar ƙashi. Likitan ƙasar nan ta Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar danginsa na Krobo ya gano masu ciwon tun daga 1670. Kakanni sun lura yana tashi da sanyi da damina, sun lura yana bin dangi. Abin da ba su gani ba shi ne laujen. Inda ido ya gaza kuwa zato ke shiga: a ce iska ce, a ce maita ce, a ce ɗan wabi ne ke tafiya yana dawowa. Ba mu ce duk wabi sikila ba ce, yara na mutuwa da cututtuka iri-iri. Amma babu shakka tana cikin abin da ya sa wasu iyaye mata suka binne 'ya'ya a jere, aka kuma bi su da baƙar magana.

A 1949 aka samu amsa biyu. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa hemogulobin ɗin ne ya bambanta. James Neel kuma ya nuna yadda ake gadon abin: sai yaro ya karɓa daga uba ya kuma karɓa daga uwa. A 1956 Vernon Ingram a Kambirij ya gano inda bambancin yake. In ka ɗauki sarƙar sinadarin kamar carbi mai ƙwaya 146, ƙwaya ta shida ce kawai aka sauya. Ita kaɗai. Da oksijin ya yi ƙasa sai sinadarin ya manne ya zama sanduna, ƙwayar ta sandare, ta toshe ƙananan jijiyoyi, abin da ke bayan toshiyar ya rasa iska. Wannan shi ne azabar da yaro ke kwana yana kuka da ita. Ƙwayar kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 ta mutu, ɓargo ya kasa cike gurbi, shi ya sa jini ke ƙaranci ido ya yi rawaya.

Me ya sa abin ya yi yawa a ƙasashenmu? Anthony Allison ya amsa a 1954 bayan bincike a Gabashin Afirka: wanda ya gaji abin ta ɓangare ɗaya, wato mai AS, ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro yana yaro. Ke nan abin da ya kare kakanni daga sauro shi ke kama jika in ya zo ta ɓangare biyu. Mai AS ba majinyaci ba ne, ba kuma abin gori ba ne.

A 1995 Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a nan Kumasi, a asibitin Komfo Anokye. Abin da aka samu shi ne kusan jariri 2 cikin 100 na zuwa da ciwon. In an gane da wuri, aka sa yaro a kan maganin rigakafin ƙwayoyin cuta, aka kiyaye shi daga sauro da sanyi da ƙishirwa, da yawa suna girma su yi karatu su yi aure.

Yanzu mu koma ga rabi daga uba, rabi daga uwa. Mutumin da ya saki matarsa wai tana haifa masa marasa lafiya, ya sani rabin abin daga bayansa ya fito. In ya auro wata mai AS, lissafin bai canza ba. Lissafin kuwa shi ne, in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu ba. Kowane ciki sabon lissafi ne, ana iya haifar biyar lafiya, ana iya jera uku masu ciwo. Masu cewa mu dai mun dogara ga Allah, ai mun san babin kafa'a a fiƙihu, mun san waliyyi yana binciken addini da hali da sana'ar mai neman 'yarsa, ba wanda ya ce wannan rashin tawakkali ne.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Ban da S akwai wani nau'in da ake kira C, kuma arewacin Gana da Burkina Faso na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, inda da yawa daga mutanen zango suke da tushe ko surukuta. In AS ya auri AC ana iya haifar SC, shi ma ciwo ne, yakan taɓa ido da ƙashin ƙugu. Ƙaramin gwajin da ake yi a ce wa mutum ba shi da sikila, S kaɗai yake kamawa, ba ya ganin C. Saboda haka wanda zai yi gwaji ya nemi wanda ke fitar da haruffa biyu a rubuce, AA ko AS ko AC, a ɗakin gwajin da aka amince da shi. Kuma a yi shi tun ana gaisuwar farko, kafin kuɗi su shiga tsakani, kafin a sa rana. In aka bari sai an ɗinka anko an raba goro, ba waliyyin da zai iya karanta takardar da idon basira.