Yadda aljanin fim ya koyi bi ta bayan bishiya

Ɓatar da aljani a fim ba wani abin a zo a gani ba ne. Tun zamanin kaset, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, dabarar sananniya ce: a tsayar da kyamara, ɗan wasa ya fice, a ci gaba da ɗauka. Inda gizo ke saƙar shi ne a sa aljanin da aka ɗora da kwamfuta ya gifta ta bayan bishiya ko ginshiƙin zaure, domin duk abin da aka ɗora kan hoto gaba yake zama, ya tare kowa.

A ɗakunan tace finafinai na Titin Gidan Zoo da ke Kano, hawa uku ake yi wa hoton. Asalinsa a ƙasa, aljani a tsakiya, sai kwafin asalin a sama, an zagaye bishiyar kaɗai an yanke sauran. Aljani ya ratsa tsakani, mai kallo ya rantse ta baya ya bi.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1898 Georges Méliès na Faransa ya riƙa baƙanta wani sashe na hoto don kada haske ya taɓa shi, ya mayar da fim baya ya sake ɗauka a gurbin, har ya nuna kansa yana cire kai yana ajiyewa kan tebur. A 1903 aka nuna jirgin ƙasa ta tagar ofishin tasha a The Great Train Robbery da irin wannan rufi. Max Fleischer ya sami rajistar na'urar bin gefen mutum da hannu a 1917, Larry Butler kuma ya ci kyautar Oscar da shuɗin bango a The Thief of Bagdad na 1940. Manhajar After Effects ta fito a 1993, aikin ya baro manyan kamfanonin Amurka ya soma shiga ƙananan ɗakuna.

Wahalar dai tana nan. Daƙiƙa guda ta bidiyo hotuna 25 ce, minti guda 1,500. Bishiya a tsaye take, zagaye ɗaya ya wadatar in kyamara ba ta motsa ba. Amma in jaruma ce a gaba, iska na kaɗa mayafinta, ko jarumi yana gyara hannun babbar riga, sai an bi gefensu hoto bayan hoto. A nan ake gane editan da aka ba lokaci da wanda furodusa ya tsaya a kansa. Laifin gefen da ke rawa sau da yawa na gaggawa ne.

Kamfanin Adobe ya ƙara wa After Effects Roto Brush a 2010 don manhaja ta bi gefen da kanta, yau kuma yara na cire bango da manhajar CapCut a waya. Mayafi shara-shara har yanzu yana rikita su, saboda ana hango bango ta cikinsa.