Sanƙarau da Hannun 'Yan Kasuwa: Yadda Aka Samu Allurar MenAfriVac

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Mu mutanen Zango a Wagadugu mun san lokacin sanƙarau. Da iskar hunturu ta taso da ƙura, har zuwa zafin bazara, sai a fara jin yaro ya kwanta da zazzaɓi, wuya ya ƙage. Cutar tana kama rufin ƙwaƙwalwa, tana yaɗuwa ta tari da numfashi, musamman inda ake cunkoso, kamar kasuwa da tasha da ɗakin kwana. Burkina Faso tana tsakiyar yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. A annobar 1996 zuwa 1997 mutane fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu.

Allurar da ake da ita a lokacin kariyarta ba ta daɗewa, kuma ba ta kare ƙananan yara sosai. Sai annoba ta ɓarke ake rugawa da ita. Manyan kamfanonin magani suna da ilimin yin wadda ta fi ta, amma ba su ga riba a kasuwar talakawa ba.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da sabuwar allura, da tallafin dala miliyan 70 daga Gidauniyar Gates. Kafin a nemi kamfani, sai da aka tambayi hukumomin lafiya na Afirka abin da za su iya biya. Aka tsayar da farashi ƙasa da rabin dala kan kowace allura. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya yarda da sharaɗin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da fasahar haɗin, ƙawancen Gavi ya biya mafi yawan kuɗin rigakafin.

Ranar 6 ga Disamba 2010 aka ƙaddamar da allurar a nan Wagadugu. Burkina ce ƙasar farko da ta yi wa dukan jama'arta masu shekara 1 zuwa 29, fiye da mutum miliyan 11, cikin kwana goma. Mali da Nijar sun fara a wannan wata, Najeriya ta biyo a 2011. Nau'in A, wanda shi ne ke haddasa manyan annobobi, ya kusan ɓacewa. Sauran nau'o'in suna nan: nau'in C ya yi ɓarna a Nijar a 2015, da Zamfara da Sakkwato a 2017. Kamfanin dai shi ya yi sabuwar allura mai kare nau'i biyar, Najeriya ta fara amfani da ita a 2024.

Shigar kamfani harkar lafiya tana da haɗari in babu sa ido. A Kano, cikin annobar 1996, Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da Jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Tabon wannan lamari ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a Arewa a 2003.

Mu jikokin fatake ne, ba mu ƙin riba. Abin da muka gani shi ne haɗin gwiwa yana kyau idan an yanke farashi tun farko, an nemi yardar jama'a a fili, hukuma kuma tana riƙe da ragamar. A matakinmu ma akwai aiki. Mai shagon magani kada ya riƙe yaro mai ƙagewar wuya da ƙwayoyi, ya tura shi asibiti nan take. Masu jigilar alhazai su tabbatar an yi allurar sanƙarau da Saudiyya ta shardanta da gaske, ba takarda kawai aka samo ba. Shugabannin kasuwa da na tasha su buɗe wa masu rigakafi wuri.

Allah Ya kare mu da zuriyarmu, amin.