Julie Andrews: Muryar da Ta Riƙe Gida da Alƙalamin da Ya Gaje Ta

A watan Oktoba na 1947, a gidan wasa na Hippodrome da ke tsakiyar Landan, wani ɗan barkwanci Ba'amurke mai suna Wally Boag yana murɗa balan-balan yana mayar da su siffar dabbobi. Da ya tambaya ko akwai yaron da ke so, sai wata yarinya 'yar shekara 12 ta taso daga cikin 'yan kallo ta hau dandamali, kai ka ce kallo ya kawo ta. Ashe shiri ne. Bayan 'yar gajeriyar hira sai ta buɗe baki ta rera wata waƙa mai wuyar sha'ani daga wasan opera na Faransa mai suna Mignon, irin wadda ƙwararrun mawaƙa kan shekara da shekaru kafin su iya. Tafi ya hana wasan ci gaba na ɗan lokaci. Sunan yarinyar Julie Andrews, kuma ta shekara guda tana wannan fitowa a wasan Starlight Roof.

Duniya ta fi saninta da fina-finai biyu, Mary Poppins da The Sound of Music, inda ta fito a matsayin mai renon yara, fuska a sake, murya garau. Amma wanda ya bi tarihinta zai ga ma'aikaciya ce da aka ɗora wa ɗawainiyar gida tun ba ta san ciwon kanta ba, ta ɗauki baiwarta a matsayin sana'a, kuma ta tanadi sana'a ta biyu tun ta farkon ba ta kuɓuce mata ba.

Ƙuruciya a ƙarƙashin bama-bamai

An haife ta ranar 1 ga Oktoba, 1935, a garin Walton-on-Thames na gundumar Surrey, aka raɗa mata suna Julia Elizabeth Wells. Mahaifiyarta, Barbara, gwanar kiɗan fiyano ce. Ted Wells, wanda ta tashi tana kira baba, malamin makaranta ne mai koyar da aikin kafinta da na ƙarfe, kuma shi ya cusa mata son karatu da son karkara. Yaƙin Duniya na Biyu na somawa, aurensu ya mutu. Barbara ta bi wani mawaƙi ɗan Kanada, Ted Andrews, suna yawon nishaɗantar da sojoji, daga baya suka yi aure. Julia ta koma hannunsu a matsayin agola, aka sauya mata suna zuwa na mijin uwa.

Ta ɗanɗani kwanan tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa lokacin da jiragen Jamus ke luguden wuta a kan Landan. A 1944, da Jamusawa suka fara harbo bama-bamai masu tashi da kansu, kunnenta ya zama abin dogaron unguwa. A littafin tarihin rayuwarta ta ba da labarin yadda takan zauna a kan ramin ɓuya da usur a hannu. Da ta jiyo rugugin bam tun daga nesa sai ta busa, matan unguwa su bar tukunya a kan wuta su ruga rami.

Mijin uwar ne ya fara koya mata waƙa, don neman shiri da yarinyar da ba ta sake da shi ba. Abin da ya ji ya ba shi mamaki, har aka kai ta wurin likitan maƙogwaro, wanda ya ce maƙoshinta ya kusa kai na babbar mace. Sai aka damƙa ta ga Lilian Stiles-Allen, tsohuwar mawaƙiya mai tsananin horo, wadda ta nace a kan fitar da kowane harafi sarai kafin a yi zancen daɗin murya. Wannan horo ne ya sa duk wanda ya saurari Julie Andrews ba ya tambayar me ta ce.

Tana shekara goma ta fara bin iyayenta dandamali, ana ajiye mata akwatin kwalaben giya ta taka don bakinta ya kai ga makirfo. Ranar 1 ga Nuwamba, 1948, tana shekara 13, ta rera waƙa a gaban Sarki George na Shida a gidan wasa na Palladium. Daga 1950 zuwa 1952 tana cikin shirin barkwanci na rediyon BBC mai suna Educating Archie.

A bayan fage kuwa gida na rushewa. Shaye-shaye ya ci ƙarfin mijin uwar har masu gidajen wasa suka daina ɗaukarsa, uwar ma ta soma bin sahu. Kafin Julie ta kai shekara 16, kuɗin waƙarta ne ke biyan bashin gidan da suke ciki, ita ce kuma ke kula da ƙannenta maza. Makaranta ta gagara, sai malama guda da aka ɗaukar mata. Sana'ar kanta tana gargara, domin talabijin ya fara shiga gidajen Ingila, kuma gidajen wasan barkwanci da waƙe-waƙe da suka ciyar da iyayenta suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ƙuruciyarta a jiragen ƙasa da ɗakunan haya masu sanyi, daga wannan gari zuwa wancan.

Daga Broadway zuwa Hollywood

A 1954 aka gayyace ta New York ta jagoranci wasan The Boy Friend. An nemi ta sa hannu a kwantiragin shekara biyu, ta ce shekara ɗaya za ta iya, saboda tunanin wa zai riƙe gida. An buɗe wasan ranar 30 ga Satumba, jajibirin cikarta shekara 19. A nan ne Alan Jay Lerner da Frederick Loewe suka ga wadda za ta fito a matsayin Eliza Doolittle, talaka mai tallan furanni da wani farfesa ya ci alwashin koya wa maganar manya, a wasansu My Fair Lady.

Gwaji bai yi kyau ba. Waƙa ta iya, amma ba ta taɓa koyon wasan kwaikwayo ba, kuma abokin wasanta Rex Harrison bai ɓoye ƙosawarsa ba. Daraktan wasan, Moss Hart, ya sallami kowa na kwana biyu ya keɓe da ita. Layi bayan layi yake bi da ita, yana nuna mata inda za ta ɗaga murya da inda za ta haɗiye fushi, yana tsayar da ita duk sa'ad da ta koma 'yar makaranta mai ladabi maimakon 'yar kasuwa mai tsiwa. Da aka buɗe wasan a watan Maris na 1956, ya zama abin da New York ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Ta yi shekara biyu tana yinsa a can, sannan ta kai shi Landan a 1958. A tsakani, a 1957, ta fito a Cinderella kai tsaye a talabijin ɗin CBS, mutum sama da miliyan 100 suka kalla.

Duk da haka, da Jack Warner ya sayi haƙƙin mayar da My Fair Lady fim, sai ya tsallake ta ya ɗauki Audrey Hepburn, a kan cewa masu zuwa silima ba su san Julie Andrews ba. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Walt Disney ya riga ya gan ta a wasan Camelot ya yi mata tayin Mary Poppins. Da ta ce tana da juna biyu, ya ce zai jira. Fina-finan biyu suka fito a 1964. Yawancin waƙoƙin Hepburn wata mawaƙiya ce, Marni Nixon, ta rera su a bayan fage, kuma sunan Hepburn bai shiga takarar Oscar ba. Julie Andrews ce ta lashe kyautar gwarzuwar jaruma da fim ɗinta na farko. A bikin Golden Globe kuma, cikin jerin waɗanda ta yi wa godiya, ta rufe da Jack Warner, wanda ta ce shi ya sa hakan ya yiwu. Har shi sai da ya yi dariya.

The Sound of Music ya biyo baya a 1965, an ɗauki yawancin wuraren waje a kewayen Salzburg ta ƙasar Ostiriya. Fitowarta ta farko a fim ɗin, tana juyi a kan tudu da hannaye a buɗe, daga jirgi mai saukar ungulu aka ɗauka, kuma duk sa'ad da jirgin ya kewayo iskarsa sai ta kayar da ita cikin ciyawa, ta tashi ta karkaɗe jiki a sake. Fim ɗin ya ci Oscar biyar, ya kuma karɓe kambun yawan kuɗin shiga daga Gone with the Wind.

Yadda tara ta haifi littafi

Kasuwa ba ta daɗe a haka ba. Star! na 1968 da Darling Lili na 1970 sun ci maƙudan kuɗi ba su dawo da su ba, domin 'yan kallo sun juya wa manyan fina-finan waƙa baya. A 1969 ta auri darakta Blake Edwards, bayan rabuwarta da mijinta na fari, Tony Walton, mahaifin 'yarta Emma. Ta tarar da 'ya'yan miji biyu, daga baya kuma suka ɗauki marayu mata biyu daga Biyetnam.

A wannan gida rubutu ya samo asali. Ta kafa wa yaran dokoki, duk wanda ya karya zai biya tara. Jennifer, 'yar mijinta, ta ce to ita ma a kafa mata tata: ta daina ashar. Julie ce ta fara karya doka, tarar da aka yanka mata kuwa ita ce ta rubuta labari. Abin da ta zaci shafi biyu ne ya zama littafin Mandy, wanda ya fito a 1971 da sunan Julie Edwards. Labarin wata marainiya ce 'yar shekara goma da ta haura katangar gidan marayu ta tarar da wani ɗan gida da aka yi watsi da shi a cikin daji, ta riƙa zuwa a ɓoye tana shara tana shuka furanni, har ta kai ga ɗauke-ɗauke da ƙarya don ta riƙe shi. Macen da ta yi ƙuruciya tana biyan bashin gidan da ba ta samu natsuwa a cikinsa ba, ba mamaki wannan ne labarin da ya fara fita daga alƙalaminta. A 1974 ta fitar da The Last of the Really Great Whangdoodles, labarin yara uku da wani farfesa da ke koya musu lura da abin da idon manya ya daina gani. Har yau ana sake buga littattafan biyu.

Tiyatar 1997

Fim ɗin Victor/Victoria na 1982 ya kai ta takarar Oscar karo na uku, kuma a 1995 ta koma Broadway da shi bayan fiye da shekara 30. Da aka sa sunanta ita kaɗai a takarar kyautar Tony a 1996, ta ƙi amsa, ta ce an yi wa abokan aikinta rashin adalci. Wasan dare da rana ya gajiyar da muryar. A 1997 aka yi mata tiyata a maƙogwaro a wani asibiti a New York, da fatan za ta warke cikin 'yan makonni. Muryar waƙar ba ta dawo ba. Ta kai likitocin ƙara a 1999, aka sasanta a 2000 ba tare da an bayyana kuɗin ba.

Tana da shekara 61 lokacin tiyatar, rabin ƙarni ke nan tana cin abinci da wannan murya. Ta sha faɗin cewa baƙin cikin ya yi mata nauyi ƙwarai. Abin da ya ɗago ta shi ne teburin rubutu. Ita da 'yarta Emma Walton Hamilton suka fara da Dumpy the Dump Truck a 2000, Tony Walton ya yi zanen hotunan, watau uwa da 'ya da tsohon miji a littafi guda. Daga nan sun wallafa littattafai sama da 30, ciki har da jerin The Very Fairy Princess da ya hau saman jadawalin ciniki na jaridar New York Times. Ta kuma rubuta tarihin rayuwarta kashi biyu, Home a 2008 da Home Work a 2019, inda ta fito da abin da ta daɗe tana rufewa game da gidansu.

Fim ma bai sallame ta ba. A 2000 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba ta lambar girma ta Dame, a 2001 ta fito a The Princess Diaries, kuma daga 2020 muryarta ta magana ce ke ba da labari a shirin Bridgerton. Sai dai a duk waɗannan, kamar yadda yake tun tana ƙarama, wani ne ke rubuta kalmomin, wani ke zaɓen wadda za ta faɗe su. Mijin uwa ya zaɓar mata waƙa, masu kuɗin fim suka yanke wanda za ta yi da wanda ba za ta yi ba, wuƙar likita ta yanke ranar da za ta daina. Rubutu ne kaɗai aikin da ta shiga ba don ciyar da kowa ba, kuma shi ne babu mai ikon karɓe mata.