Daga Burmi zuwa Mai Wurno: Zuriyar da Ta Riƙe Labarin Hijirar 1903

Wanda ya bi titin Zariya zuwa Kano a yau, ya ratsa Kadawa da Kwanar Gafan ya gangara Kura, abin da idonsa zai cika da shi koren shinkafa ne, da kwandunan tumatir, da magudanan ruwan da suka taso daga madatsar Tiga. Ta wannan yanki ne rundunar Kanar Morland ta bi a farkon Fabrairun 1903. Ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta ƙetare kogin Challawa, ranar 3 ga wata ta shiga birnin Kano. Wannan duk ɗan makaranta ya ji shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya da kimanin wata biyu, lokacin da wani ayari ya ratsa kudancin ƙasar Kano ya nufi gabas, manoma suka yi ta barin gonakinsu ana dab da faɗuwar damina suna bin sa. Zuriyar waɗanda suka tsira daga cikin wannan ayari tana nan har yau a gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, kusa da wani aikin noman ban ruwa da ya ninka na Kura da Bunkure sau da yawa.

Jagoran ayarin shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, wanda ya hau mulki a ƙarshen 1902. Don kai masa mubaya'a ne ma Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato, aka ci birninsa ba ya nan. Bayan an karya rundunar Sakkwato a filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, shugabanni suka rabu biyu. Waziri Buhari ya koma gari ya yi sulhu da Turawa, daga baya ya rubuta risala yana kafa hujja da cewa zama da jama'a a kare musu addininsu ya fi a bar su ba jagora. Attahiru kuwa ya zaɓi hijira. Ba sabon tunani ba ne. Tun zamanin Muhammadu Bello maganar tana yawo cewa Shehu Usmanu ya yi bushara jama'arsa za ta yi ƙaura zuwa gabas, wajen kogin Nilu, don tarar Mahadi, kuma sarakunan da suka gabata sun sha hana talakawa tashi da cewa lokaci bai yi ba. Da Sarkin Musulmi da kansa ya ɗauki hanya, sai mutane suka fahimci lokacin ya yi.

Ayarin ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zariya, ya nufi Misau da kogin Gongola. Rahotannin Turawa na lokacin cike suke da fargaba, domin garuruwa sun yi ta zama kufai, mata da yara da dabbobi duk suna kan hanya. Manya ma sun bi: Madakin Kano Kwairanga, Sarkin Misau Ahmadu, Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda Turawa ke nema ruwa a jallo saboda kisan Kyaftin Moloney, da mutanen gidan Alhaji Umaru Futi waɗanda Faransawa suka riga suka koro daga yamma. Aka tattaru a Burmi, wani gari mai ganuwa kusa da Bajoga ta jihar Gwambe ta yanzu, wanda dama cibiya ce ta masu jiran Mahadi tun zamanin Malam Jibrilla Gaini. A watan Mayu mutanen garin suka kori harin farko. Ranar 27 ga Yuli Turawa suka dawo da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu. Kafin rana ta faɗi an kashe mutum fiye da 600, har da Attahiru, gawarwakin mabiyansa zube kewaye da tutarsa. Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma ya mutu da kibiya mai dafi. Aka ƙone garin, aka sare kan Sarkin Musulmi aka ɗauki hotonsa, aka yaɗa don kada wani ya ce yana raye.

Ɗansa Muhammadu Bello, mai laƙabin Mai Wurno, shi ya ja sauran. Tafiyar ta ɗauki shekaru, ana yada zango ana noma, a girbe, a ƙara gaba. Marubuta da dama suna kawo adadin mutum 25,000 a matsayin waɗanda suka bi wannan hanya, ko da yake ƙiyasi ne. Wajen 1906 suka isa Shehu Ɗalha, ƙauyen wani malami a gaɓar Shuɗin Nilu, daga baya suka ƙetare ruwa suka kafa garinsu kudu da Sinnar kaɗan. Garin ya ɗauki sunan jagoransa, shi kuwa laƙabin daga Wurno ya samo asali, ribaɗin da ke kusa da Sakkwato inda kabarin Muhammadu Bello ɗan Shehu yake. Ashe duk wanda ya ambaci sunan garin ya ambaci gida, ko ya sani ko bai sani ba.

A nan ne kwatanci da wata al'umma zai taimaka, amma da sharaɗi. Abin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawan Turai tsakanin 1941 da 1945 shiri ne na gwamnati don shafe jinsi guda daga doron ƙasa, kuma ya ci rai kimanin miliyan 6. Burmi yaƙin mamaya ne da kisan gilla. Ba a auna su a ma'auni ɗaya. Inda suka yi kama shi ne tambayar da ke jiran duk wanda ya tsira: garin da aka haife ka ya tafi, da me za ka riƙe shi?

Yahudawan da suka tsira sun amsa ta hanyoyi biyu. Wasu sun sake gina garin a wani wuri da sunansa na da. Malaminsu na Klausenburg, Yekusiel Halberstam, wanda aka kashe matarsa da 'ya'yansa 11, ya tara ragowar mabiyansa ya kafa unguwar Kiryat Sanz a Netanya a shekarun 1950, da makarantu, daga baya har da asibiti. Wannan hanya ita ce ta Mai Wurno. Hanya ta biyu ita ce rubutu. Tun suna sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus suka kafa kwamitocin tattara shaidar baka. Daga baya ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke Amurka da Isra'ila da Ajantina suka yi ta haɗa kuɗi suna buga abin da suke kira littattafan Yizkor, wato littattafan tunawa. Kowane littafi na gari guda ne: taswirar unguwanni da aka zana da ka, wane ne ke da shago a wace kusurwa, laƙubban mutane, sannan a ƙarshe jerin sunayen waɗanda aka kashe, gida gida. An buga ɗaruruwan irinsu cikin Yidish da Ibrananci, kuma yawancin marubutan teloli ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta. Cibiyar Yad Vashem, da aka kafa da doka a 1953, ta tattara sunaye fiye da miliyan 4 da rabi. Falasɗinawan da aka kora a 1948 su ma sun bi irin wannan hanya, da littattafan ƙauyukansu da makullan gidajen da ake gada, da kuma kundin Walid Khalidi na 1992 mai bayanin ƙauyuka fiye da 400.

Mutanen Mai Wurno sun yi ƙarfi a hanya ta farko. Sun riƙe sarauta a gidan Attahiru, ana kiran mai riƙe da ita Sultan. Sun riƙe Fulatanci da Hausa tsararraki da dama a tsakiyar Larabawa, da karatun littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu, da waƙoƙin wa'azi. Labarin Burmi a wurinsu shi ne mafarin gari, shi ke bayyana dalilin da ya sa suke inda suke. Daga garin ne Farfesa Al'amin Abu Manga na Jami'ar Kartum ya fito, wanda ya rubuta littafi kan Fulatancin Sudan a 1986 da wani kan Hausar Sudan a 1999, yana bin diddigin yadda Larabci ke shiga cikin harsunan biyu a hankali.

Sai dai tarihi ya yi musu wasa mai ɗaci. Sun bar gida don kada su zauna ƙarƙashin Ingila, suka tarar Ingila ta riga su isa Sudan tun 1898. Turawan can ma sun ga amfaninsu. Ƙasar ta yi ƙarancin mutane bayan yaƙe-yaƙen Mahadi da yunwa, ga kuma babban shirin noman auduga a Jazira, filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Aka ba Mai Wurno ƙasa da iko a kan baƙin yamma, garinsa ya zama mashigar ma'aikata. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya shiga magudanai, hannun Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka yi ta shema da tsinkar auduga. Manomin Kura da ya san bambancin mai fili da ɗan ƙwadago a lokacin dashen shinkafa zai gane tsarin nan take. Yawancin filayen haya na aikin Jazira sun tafi hannun 'yan ƙasa, baƙin yamma da dama kuwa suka ƙare a matsugunan leburori na gefen gona, waɗanda ake kira kanabi. Mark Duffield, wanda ya zauna a Mai Wurno ya fitar da littafi a kan garin a 1981, ya nuna yadda kasuwa da aikin lada suka raba zuriyar muhajirai zuwa masu shi da marasa shi.

Ya kamata a faɗa a sarari cewa ba duk Bahaushen Sudan ne jikan mutanen Burmi ba. Mafi yawa zuriyar alhazai ne da suka bi hanyar ƙasa, kafin 1903 da bayanta, guzuri ya ƙare suka tsaya neman na gaba. Bawa Yamba ya rubuta a 1995 cewa a ƙauyukan Jazira ya tarar da jikoki da tattaɓa kunne waɗanda aka haifa a can, amma har lokacin suna kiran kansu matafiya a hanyar Makka. Mutanen Sudan kuwa duka suke haɗawa su ce Fallata ko Takarir, kalmar da ta dawo mana gida a matsayin takari.

Wannan riƙo da asali yana da farashi. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya taso daga Burmi ya makara da shekara shida tun kafin ya ɗauki hanya. An sassauta dokar daga baya, amma tabon ya zauna. Saboda haka iyalai da yawa suka koyi sassauta harshensu a bainar jama'a, wasu suka nemi nasabar Larabawa. A Yulin 2022, bayan Hausawan jihar Shuɗin Nilu sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, rikici ya ɓarke tsakaninsu da maƙwabtansu, aka kashe fiye da mutum 100, sannan a Oktoba aka sake kashe wasu masu yawa a yankin Wad al-Mahi. Hujjar da aka yi ta maimaitawa ita ce baƙi ba su da ƙasa, alhali an haura shekara ɗari. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya isa Jazira da Sinnar, ya sake ɗora wa mutanen yankin kaya a ka.

A gida Najeriya fa? A ganina mun fi su mantuwa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gidajen da suka ci gaba da mulki su ne waɗanda suka zauna: Attahiru na biyu a Sakkwato, Abbas a Kano, duka an naɗa su a 1903 da amincewar Lugga. Labarin da ke nuna cewa wanda ya tafi ya fi cika alkawari ba zai yi daɗin ji a fada ba, kuma En'e ce ke riƙe da makarantu. Ga shi Turawa sun daɗe suna farautar duk abin da ya yi ƙamshin Mahadiyya, musamman bayan Satiru a 1906, don haka iyalin da ɗansu ya bi Attahiru suna da dalilin yin shiru. Ba na cewa Waziri Buhari ya yi kuskure. Hujjarsa mai nauyi ce, kuma da kowa ya tafi da ba a san abin da zai saura ba. Amma an bar hujjarsa ta zama ita kaɗai ake ji har aka sami 'yanci. A 1960 ne Ingila ta mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku tutar da aka ɗauke a Burmi, kuma daga nan ne masana irin su R. A. Adeleye suka fara rubuta labarin a matsayin gwagwarmaya.

Ko a wannan gyara, sunayen da suka tsira na sarakuna ne da masu sarauta. A kufan Burmi ana nuna wa baƙo kabarin Attahiru da na Manjo Marsh. Manomin da ya taso daga wani ƙauyen kudancin Kano da matarsa da jakinsa, ya faɗi a bakin ganuwa ko ya mutu da ƙishirwa a Wadai, yana cikin lissafin "fiye da 600" ko na "25,000" ne kawai, kuma adadin farko ma waɗanda suka yi kisan ne suka ƙirga. Littattafan Yizkor sun yiwu ne domin an rubuta su cikin shekara 20 ko 30 da aukuwar abin, shaidu suna raye. Namu shaidun duk sun rasu. Abin da ya rage shi ne jikoki a ɓangarori biyu: a Mai Wurno da ƙauyukan Shuɗin Nilu, masu iya faɗin garin da kakansu ya fito, da kuma a nan, gidajen da ake cewa wani kaka ya yi gabas bai dawo ba. Akwai takardun gundumomi a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai Gidan Arewa, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai sashen tarihi na Jami'ar Bayero. Ɗalibi guda da na'urar ɗaukar murya zai iya farawa daga dagatan Kura da Bunkure da Bebeji, ya tambayi gidan da aka taɓa rasa mutum a shekarar zuwan Nasara, ya rubuta sunan.