Cin Gashin Kai Ba Ya Hana Haɗa Hannu: Sharar Birnin Kano a Matsayin Misali

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, wani ra'ayi ya samu karɓuwa a tsakanin masana: wai duk wani tsarin haɗa kuɗi ko aiki tsakanin ƙananan hukumomi dabara ce ta mayar da su aljihun gwamna. Tarihin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ke sashe na 162 na kundin tsarin mulki, sananne ne, ba sai an maimaita ba. Sai dai a ganina masu wannan ra'ayi sun cakuɗa abubuwa biyu. Wancan asusu daga sama aka ɗora shi, jiha ce ke riƙe da makulli. Haɗin da nake nufi yarjejeniya ce tsakanin tsara da tsara.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara da gyaran magudanu a wuyan ƙaramar hukuma. To amma Dala, Fagge, Gwale, Birni da Kewaye, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo gari ɗaya ne. Ledar da aka jefa a Jakara cikin tsohon birni takan ratsa Fagge, ruwan ya ƙare a madatsar Wasai ta Minjibir. Wane shugaba ne zai yashe nasa yanki alhali maƙwabcinsa na ci gaba da cika shi? Wannan giɓi ne, a zatona, ya sa aikin ya koma hannun hukumar kwashe shara ta jiha, wato REMASAB.

Hujja mafi ƙarfi da abokan muhawara ke kawowa ita ce: wa zai riƙe kuɗin? Tambaya ce mai nauyi, domin mai ƙarfi kan danne mai rauni, kuma talaka ba zai san wanda zai tuhuma ba. A Faransa, dokar 1999 ta ƙarfafa ƙungiyoyin garuruwa masu majalisa da ikon karɓar haraji, amma can ma ana kukan sun yi wa mai zaɓe nisa. Saboda haka zan taƙaita da'awata: ban ce a haɗa makarantu ko kasuwanni ba. Abin da hujja ta ɗauka shi ne shara, magudanu da filin juji, bisa rubutacciyar yarjejeniya mai wa'adi, wadda kansilolin kowace hukuma za su amince da ita, a kuma buga lissafinta duk shekara.

Majalisar Dokokin Jihar Kano ce ke da hurumin yin dokar da za ta ba da wannan dama, kuma ya kamata ta yi.