Daga Gatari Zuwa Katafila: Tarihin Sassabe a Ƙasar Yola da Jimeta

A 'yan shekarun nan mambobinmu da dama sun sayi gonaki a hanyar Numan da wajen Girei da Fufore da Mayo Belwa. Wasu gonakin saura ne da aka bari shekara da shekaru, kalgo da ƙaya sun rufe su. Tambayar da ake yawan kawo mana ita ce: a kira katafila ta share, ko a nemi sabon injin nan da ake gani a bidiyo, mai niƙe daji ya bar dusarsa a ƙasa? Kafin kowa ya fitar da kuɗinsa, mun ga ya dace mu waiwayi yadda aka yi ta buɗe daji a ƙasar nan.

Da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ya tarar da Bata da Vere suna noma a wannan yanki tun da daɗewa. Kayan aikin kowa a lokacin gatari ne da adda da wuta. Manyan garin sun buɗe gonakinsu ne da ƙarfin bayi, a ƙauyukan da ake kira rumde da Fulatanci, wato rinji a Hausa. Kalmar ce har yau muke furtawa idan mun ambaci unguwar Rumde a nan Jimeta, ko da yake yaranmu ba su cika sanin haka ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Yola a 1851 zamanin Lamiɗo Lawal, ya rubuta cewa har a cikin gidajen garin ana shuka hatsi da damina.

Sassaben wancan zamani yana da ƙa'ida. Da rani ake sare ƙananan itatuwa, a bar su su bushe, a tara a ƙone dab da faɗuwar ruwa, tokar ta zama taki. Ba a taɓa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da giginya, domin daddawa da man kaɗe da miyar gida daga jikinsu suke fitowa. Kututture kuwa a wurinsa ake barinsa, fartanya ta kewaye shi. Idan gona ta gaji bayan wasu shekaru, sai a bar ta, kututturan su sake tohowa, ƙasa ta huta. Wani zai ce ai rashin ƙarfin tumɓukewa ne ya sa suka bar su. Ko ma mene ne dalili, saiwar da ke ƙasa ita ta riƙe gonar.

Zuwan Turawa, bayan sun ci Yola a 1901, ya kawo wani dalilin saran daji, wato ƙudan tsando, mai sa wa mutum ciwon barci, ya sa wa shanu sammore. Aikin da ya fi shahara a Arewa shi ne na Anchau a lardin Zariya, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1930. An sassabe kurmin bakin rafuka inda ƙudan ke fakewa, aka tashi dubban mutane, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Abin lura a nan shi ne, sai da aka ɗora wa mutanen ƙauyuka aikin komawa su sake sara duk shekara, don dajin ba ya daina tohowa. A namu ɓangaren na arewa maso gabas, feshin magani aka fi dogara da shi daga tsakiyar shekarun 1950.

Sai zamanin kuɗin man fetur. An kafa kamfanin sukari na Savannah a Numan a 1971. A 1976, shekarar da Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola, aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, aka kuma kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da ta Binuwai ta sama mai hedikwata a Yola, wadda ke da aikin noman rani na tafkin Gerio. Madatsar Kiri ta biyo baya a 1982. A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NALDA musamman don buɗe filayen noma, aka rushe ta a 2000, aka farfaɗo da ita a 2020. A tsawon wannan lokaci katafila ta zama alamar ci gaba. Abin da gayya za ta yi wata tana yi, sai ta gama shi a yini guda, kuma tarakta na samun fili fetal ba kututture.

Amma katafila ba ta bambanta ɗorawa da ƙaya. Mafi muni, idan ta tura itace da saiwarsa, tana haɗawa da ƙasar sama, baƙar nan mai ɗauke da albarkar gona, wadda a tudunmu kaurinta bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya saba bin hanyoyinmu ya san tsibin ƙasa da kututture da ake tarawa a gefen gona. To, takin gonar ne a jibge a wurin. Nauyin injin kuma yana danne abin da ya rage, ruwa ya kasa shiga, ya bi ta sama yana yankar kwari. Masana sun auna wannan a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Gwajin da Rattan Lal ya jagoranta daga ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa filin da aka sassabe da hannu shi ya fi ƙarancin zaizaya, wanda injin ya tumɓuke saiwarsa ya kwashe kuwa shi ya fi lalacewa.

Makwabtanmu na Maraɗi sun bi wata hanya dabam. Daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya shiga jawo hankalin manoma su daina sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututtura, su zaɓi reshe mai ƙarfi su gyara shi ya girma. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu. Manoman suka raɗa masa suna sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Yanzu ga injin niƙa daji. Ganga ce ta ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurawa a gaban tarakta ko a hannun injin haƙa, tana juyawa da gudu, tana niƙe itace tun yana tsaye. Ba ta kankare ƙasa, ba ta tumɓuke saiwa, ba a bukatar ƙonawa, kuma direba na iya kauce wa itacen da aka ce ya bari. A ganinmu ta fi kusa da sassaben kakanninmu fiye da katafila, shi ya sa muka fi karkata gare ta ga mai son lambun mangwaro ko kashu, ko makiyaya, ko buɗe hanya da iyakar gona.

Sai dai yawancin bidiyon daga Amurka da Turai suke, ƙasarsu ba irin tamu ba ce. A nan gara ba za ta bar dusar itace ta daɗe ba, kuma busasshiyar dusa a lokacin hunturu abincin gobara ce, ga masu farautar ɓera da ashana a aljihu. Kalgo zai sake tohowa da ruwan farko, kamar yadda mutanen Anchau suka gani. Wanda kuma ke son garmar tarakta ta shiga don masara ko shinkafa, saiwar da aka bari za ta karya masa faifai, dole ya biya a cire kututturan ɗaya bayan ɗaya.

Ga 'yan uwanmu da ke shirin aiki kafin damina, kowane inji aka ɗauko, a fara zagaya gonar da wani dattijon ƙauyen, a shafa fenti a jikin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya. A bar ciyayin bakin rafi da na gangare. A tambayi mai unguwa ko burtali ya ratsa ta wurin. Kuma idan katafila ce, a yi ciniki a kan hekta, mai gona ko wakilinsa ya tsaya a wurin har a kashe inji.