Abner Cohen: Masanin da ya yi nazarin Hausawan kurmi

Abner Cohen (1921–2001) masanin zamantakewar al'umma ne, haifaffen Bagadaza. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Manchester, kuma ya daɗe yana koyarwa a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, inda ya zama farfesa.

Daga 1962 zuwa 1963 ya gudanar da bincike a unguwar Sabo ta Ibadan kan Hausawa fataken goro da shanu. Sakamakon ya fito a littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969.

Cohen ya nuna cewa riƙon al'ada a baƙunta yana da alaƙa da neman abinci. Fatauci tsakanin arewa da kurmi ya dogara ne kan bashi da amana. Maigida ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Harshe ɗaya, sarki ɗaya da ɗariƙar Tijjaniyya suka tsare wannan amana.

Bayaninsa na taimakawa wajen fahimtar sauran zangunan Hausawa, irin su na Agege a Legas, wanda ya bunƙasa da cinikin goro.